Dagin Bahindi a Zauren Malam Labbo

Aikin farko da aka sakar mini na yi da hannuna shi ne goshin wata ƙofa a Tsafe, faɗinsa bai wuce kamu biyu ba. A lokacin ina cikin shekara ta bakwai da bin maigidana, Baba Tanko magini. Na fara da wannan ne saboda ku da kuke zuwa wurina yanzu, ku yi wata uku kuna kwaɓa ƙasa, sai ku fara tambayar yaushe za a ba ku bango ku yi zane. Kun ɗauka zanen bango wasan yara ne da laka. To ku natsu, zan bi muku abin daki-daki yadda ya same ni.

Shekara biyun farko ban taɓa bango ba. Ƙasa nake haƙowa a kududdufi, in jiƙa ta, in tattake da ƙafa, in zuba mata yankakkiyar ciyawa da kashin doki, in bar ta ta kwana har ta yi danƙo. A ta uku na koyi dunƙula tubali. A ta huɗu na koyi jefa shi sama yadda wanda ke kan bango zai cafe ba sai ya sunkuya ba. A ta biyar aka bar ni na hau. A ta shida na koyi yaɓe da haɗa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da shi don ya jure ruwan sama. Zane shi ne na ƙarshe, domin wanda bai san ƙasa ba, damina ɗaya ke cinye zanensa.

Kayan aikin ba su da yawa: tafin hannu, da 'yar wuƙa, da igiya, da ƙwaryar ruwa, da dutse mai santsi na guga, da tsani. Za ka yi yaɓe mai kauri, ka shata zanen da ɗan yatsa tun bangon na da danshi, sannan ka murza laka kamar igiya ka bi shatin da ita har ya taso. A goshin ƙofar nan ta Tsafe dagi na yi, zanen nan mai sarƙewa da kuke gani a jikin babbar riga. Wahalar dagi ita ce layi ɗaya ne, ya bi ta sama nan, ya bi ta ƙasa can, kuma dole ƙarshensa ya dawo ya haɗu da farkonsa. Nawa bai haɗu ba. Baba Tanko ya tsaya ya duba, ya ɗauki ƙwaryar ruwa ya watsa wa aikin, ya tafi. Sau uku muka yi haka. A na huɗu ya duba, ya ajiye ƙwaryar, ya ce in sauko mu ci tuwo.

Bai taɓa gaya mini inda na kuskure ba, ni kuma ban tambaya ba. Al'adar sana'ar ke nan a zamaninmu. Zane ba a roƙonsa, ba a tambayar ma'anarsa, da ido ake ɗauka. Magini kan ɗauko shi daga rigar baƙo, ko jakar baduku, ko allon zayyana. Na ga Baba Tanko ya yini a kasuwa zaune bayan wani falke, ba ya saye ba ya sayarwa, bayan rigar mutumin kawai yake karantawa. Wanda ya buɗe baki ya ce a nuna masa, ya shaida wa duniya bai isa ba. Sau ɗaya na gwada ina sabon shiga, amsar da na samu ita ce, "Idon naka na ado ne?"

Sai shekarar yunwa ta zo. Ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba. Ba wanda ya yi gini daga Tsafe har 'Yankuzo. Masu soraye suka riƙa zare azara daga rufinsu suna musanyawa da dawa. Ɗorawar da muke jira a sha garinta a ba mu ɓawon, mutane suka riƙa kaɗe ta tun tana ɗanya. Baba Tanko bai kai damina ta gaba ba. Da aka farfaɗo, manyan gidajen da yake yi wa aiki suka koma hannun wasu magina masu suna, ni kuwa ba wanda ya san ni sai a matsayin yaron Tanko. Na yi fiye da shekara goma ina aiki ƙarƙashin wasu, ina tayar da katanga miƙaƙƙiya, in an zo fuskar zaure a ce in sauko mai zane ya hau. Abin da nake nema ɗaya ne: a ba ni fuskar zaure guda a bakin hanya, inda jama'a za su gani su tambayi wa ya yi. Masu gida ba sa neman magini da suna, zauren maƙwabci suke gani su ce a kirawo musu wanda ya yi shi.

Ɗakunan ma'aikatan jirgin ƙasa a Gusau su ne aikin da ya haɗa ni da Sami. Lokacin an kawo hanyar dogo garin, ana ƙoƙarin wucewa da ita Ƙauran Namoda, aka ɗebi magina mu yi ɗakunan ƙasa kusa da tasha. Sami shi ne babban kafintan da ke sa musu ƙofofi da tagogi. Mutumin ƙasar Hindu ne, wadda yanzu kuke kira Indiya, baƙi siriri, sunansa Kandasami, mu ne muka gajarta. Ya biyo aikin tun daga Zariya, saboda haka yana da 'yar Hausarsa ta cefane da ta faɗa da lebura. Ba musulmi ba ne, ba ya cin nama, ba ya kuma shiga harkar kowa. Ƙofar da ya rataya ba ta kuka.

Kullum in na iso da sassafe sai in tarar ya share ƙofar ɗakinsa, ya yayyafa ruwa, ya tsuguna da 'yar tasa a hannun hagu. Da farko yakan ɗiga fararen ɗigo a ƙasa, jeri-jeri: ɗaya, uku, biyar, bakwai, biyar, uku, ɗaya. Daga nan ya ɗebi farin abin da yatsa biyu, ya saki layi siriri yana kewaye ɗigon, bai taɓa ko ɗaya ba, har layin ya dawo inda ya taso ya haɗe cif. Dagi ne sak, sai dai ya fi duk wanda na taɓa gani yawan sarƙa. Kafin azahar ƙafafu sun share shi. Gobe ya sake.

Na yanke hukunci biyu a raina, duka biyun kuskure. Na ɗaya, na ɗauka farar ƙasa ce yake zubawa. Na biyu, na ɗauka koyo yake yi, kamar yadda ake rubuta allo a wanke a sake, har na ce wa wani abokin aikina mutumin nan da naci yake, hannunsa ya riga ya faɗa amma bai yarda da kansa ba. Abin da na gane daidai shi ne amfanin ɗigon. In ka jera ɗigo tukuna, layi ba shi da inda zai ɓata. Abin da ya sa aka watsa mini ruwa sau uku a Tsafe, ga maganinsa a ƙasa kaji na bi ta kai. Na riƙa wucewa a hankali ina ƙidaya, in na koma masauki in gwada a rairayi. Muna gaisawa da Sami kullum, ya taɓa gyara mini matakin tsani ma, amma ban tambaye shi ba. Cikin kwana ashirin na haddace.

Zauren Malam Labbo a Bungudu shi ne fuskar da na daɗe ina jira. Malam Labbo mai sayen auduga ne, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwarsu. Zaurensa na kallon gabas, a kan hanyar kasuwa. Maginin da ya saba yi masa aiki ya karye a ƙafa, aka ambace ni, ya aiko. Ya ce yana son abin da babu irinsa a garin, amma kada in sa masa wani abu mai rai, ko tsuntsu ko ƙadangare. Na ce na ji. Na yi yaɓe kwana biyu. Na buga ɗigona da tsinke da igiya, kamu biyar tsaye biyar kwance, daidai saman ƙofa. Na bi da laka kwana huɗu, na goge da dutse, na zuba makuba shafi uku. Da na sauke tsani mutane suka fara tsayawa. A makon farko mutum biyu suka yi mini maganar zaurensu, ɗaya a Bungudu, ɗaya a Nahuce.

Ranar kasuwa ta biyu Sami ya shigo garin sayen albasa da man shanu, don aikin dogo ya kai kusa da Nahuce. Ba na wurin, amma waɗanda suka gani bakinsu ɗaya. Ya zo wucewa, ya ɗaga kai, ya tsaya. Ya tuɓe takalmansa a tsakiyar hanya, ya haɗa tafukan hannunsa a ƙirji, ya sunkuyar da kai ga ƙofar limamin unguwa, a gaban 'yan kasuwa. Aka kewaye shi ana tambaya, shi kuma cikin murna ya riƙa cewa wannan na gidansu ne, na ibada ne.

Washegari Malam Labbo ya sa aka kirawo mu mu biyu. Muka zauna cikin zauren tare da dattawan unguwa uku. Malam bai ɗaga murya ba. Ya fara da Sami, ya ce ya faɗi ko mene ne abin nan tun daga tushe. Sami ya yi bayani da guntuwar Hausarsa, yana cikawa da hannu. Ya ce a ƙasarsu mata ne ke yin sa kowace safiya a bakin ƙofa, don wata abar bautarsu mai kawo arziki ta ga gidan a shirye ta shigo. Layin ba shi da baki ne don kada sharri ya sami kafar shiga. Matarsa na can gida, shi ya sa yake yi da kansa. Kuma ba farar ƙasa ba ce, garin shinkafa ne, ana zubawa don tururuwa da tsuntsaye su ci kafin mai gida ya karya. Da na ji haka na tuna tururuwar da nake tsallakewa kullum ina ƙidayar ɗigo.

Wani dattijo ya tambaye shi ko duk zanensu haka yake. Sami ya ce kusan duka. Ya ce akwai duwatsu a ƙasarsu da aka fafe aka yi ɗakunan ibada a ciki tun zamanin kakannin kakanni, an sassaƙa surar abin bauta daga ƙasa har rufi, kuma zanen tufafi, da rawa, da ƙirar tagulla, duk daga can suka fito. Furen da za ka gani a bakin mayafi yana da mai shi, ko da masaƙin ya manta. Malam ya tambaya ko akwai musulmi a can. Ya ce da yawa, su kuma nasu furanni ne da rubutu a jikin masallatai da kaburbura, ba fuska, kuma sau da yawa masassaƙi ɗaya ke yi wa kowane ɓangare, sai dai yakan ji na wa zai yi kafin ya ɗaga guduma. Ya ƙara da cewa shi ma da ya kwana yana tunani bai ji daɗin ganinsa a bango ba, don abu ne da aka yi a taka shi ya ɓace, ba a kafe shi sama inda ko tururuwa ba ta amfana ba. Ya ɗauka mai gidan ya sani ne. Ya ba da haƙuri.

Sai Malam ya juyo gare ni.

"Haruna, kwana nawa ka yi kana kallon wanga abu?"

"Ashirin, Malam."

"Kuna gaisawa da mai shi?"

"Kullum."

"Ka tambaye shi?"

Na ce a sana'armu ba a tambaya.

"To a tawa ana tambaya," in ji shi. "Kuma ni za a tambaya, ba kai ba."

Ya ce ba ya ɗora mini zunubi a kan abin da ban sani ba, amma ba zai tsaya gaban sahu ba alhali an ga mutum ya rusuna wa ƙofarsa. In cire. Na hau a ranar, na kankare layin da wuƙa har ya yi daidai da bango, na bi da yaɓe marar kauri, na shafa makuba. Bazara ce, ya bushe cikin kwana biyu, fuska ta fito sumul. Mutum biyun da suka yi mini maganar zaure ba su sake tayar da ita ba. Na koma Gusau.

Ruwan farko bai nuna kome ba. A na uku, wanda ya zo da iska daga gabas ya daki bangon sosai, zanen ya fito. Ba tudu, ba rami, sai inuwa baƙa-baƙa, kowace lanƙwasa a wurinta. In rana ta fito ya ɓace, in an yi ruwa ya dawo. Ga dalilin, ku riƙe shi: filin bangon ya sha makuba shafi uku tun farko, amma ƙarƙashin layin da na kankare bai sha ko ɗaya ba, don laka ta rufe shi. Wurin da bai sha ba shi ke tsotsar ruwa ya yi duhu. Mutanen unguwa ba wannan suka gani ba. Cewa suka yi abin Bahindi ya ƙi fita. Mata suka daina aiken 'ya'yansu gidan. Sahun Malam ya ragu, tsofaffi suka riƙa wucewa masallacin gaba ko da ana yayyafi.

Malam Labbo ya zo Gusau da kansa a kan jaki, ya same ni a gona ina noman fari. Ya ce ya tambayi magina biyu, duk sun ce a jira kaka, don ba a tuɓe bango da damina. In ruwa ya sami tubali tsirara, fuskar zauren za ta narke ta sauko da azarar ƙofa. Gaskiya suka gaya masa. Shi kuma ya ce wata huɗu ya yi masa yawa, kafin kaka ba sauran wanda zai bi shi salla. Ya tambaye ni ko zan iya. Na ce zan gwada, in bangon ya faɗi in tayar masa da wani. Ya ce in ya faɗi ba ni zan tayar ba, tunda shi ya ce a yi.

Ga yadda na bi. Na ɗaya, na sa aka haƙo ƙasa aka tara cikin ɗaki ta sha iska, don ta kududdufi ta cika ruwa. Na biyu, na je marina na samo katsi, wato guiɓin da ke kwantawa a gindin ramin rini wanda ake ƙonawa, na haɗa da gashin awaki na majema da ruwan dafara, kurangar nan mai danƙo, na yi laso, shafen da ruwa ba ya ratsawa, don makuba ba ta kama jiƙaƙƙen bango. Na uku, rumfa. Sami ya ji labari ya zo daga Nahuce ran hutunsa da zarto da guduma. Malam ya dube shi ya ce, "Yi aikinka, amma hannuwan nan naka kada su haɗu." Sami ya yi dariya, ya ce in ɗaya na riƙe da guduma ɗaya da ƙusa ba yadda za su haɗu. Ya kafa mana gwafanni da sanduna a karkace, muka lulluɓe da zana biyu-biyu. Daga ranar ban sake ganinsa ba, aikinsu ya yi gaba.

Na huɗu, tuɓewa. Ban tuɓe duka lokaci ɗaya ba. Daga sama na fara, kamu ɗaya a rana: in fasa tsohon yaɓe har tubali ya bayyana, in mayar da sabo nan take, in rataya kasko da garwashi kusa da shi ya tsane, kashegari in bi da laso in sauko kamu na gaba. Ba na fara fasawa sai na dubi gabas na ga sarari.

A rana ta biyar na duba na ga sarari, na fasa daidai saman ƙofa, inda kawunan azara suke. Bayan azahar hadari ya taso ta wajen Gusau ba zato. Iska ta ɗage zana biyu ta yi gaba da su. Ruwa ya sauka kai tsaye kan tubali, na ga jar ƙasa ta fara gangarowa kan ƙofa. Na ce a miƙo mini duk abin da ba ya shan ruwa. Malam da kansa ya fito da ƙirgi, jemammiyar fatar saniyar da yake zama a kai, na shimfiɗa shi a wurin, na danne da ƙirji da hannuwa ina bisa tsani, maza biyu na riƙe da ƙafar tsanin. Haka muka tsaya har ruwan ya ɗauke, wajen la'asar sakaliya. Tubali uku suka narke a gefen hagu. Na zare su, na cusa busassu, na ɗaure da laka mai ƙarfi. Azara ba ta motsa ba.

Kwana tara aikin ya ci, har da waɗanda ruwa ya hana ni hawa. Ban sa kome a fuskar ba, ko shati. Na sauke rumfa muka jira ruwa. Da ya zo, mutanen unguwa suka fito suka jeru a tsallaken hanya, wasu da malafa, wasu da buhu a ka, suna kallon bango yana jiƙewa. Ni ma ina cikinsu. Ya jiƙe daga sama har ƙasa, launi ɗaya. Sai wani tsoho daga cikin waɗanda suka sake masallaci ya tambaya ko an kira la'asar, ya nufi na Malam.

Bayan salla na yi wa Malam tambaya biyu. Ta farko a kan ɗigon nan da nake sa ku bugawa kafin ku ja layin dagi, ko ya halatta in ci gaba da aiki da shi, tunda daga Sami na samo. Ya ce ƙidaya ba ta da addini, in buga ɗigona in ja dagin gida wanda na san asalinsa. Ta biyu, ko zai bar ni in sa masa irin wannan dagin a fuskar zauren in rani ya yi.

"Zane kam ka gama shi a garin ga, Haruna," in ji shi. "Ko da'ira ka yi, tsayawa za a yi ana jiran ruwa a ga mi za ta zama."

Haka kuwa aka yi. Na yi zauruka da yawa a Gusau da Tsafe daga baya, amma ban sake jan layi ɗaya a bangon Bungudu ba har yau.

Ina ɗaure tsani zan tafi ya sake kira na. Ya ce katangar bayan gidan ƙanensa ta fara ciki, ba za ta kai kaka ba, kuma duk maginin da aka yi wa magana ya ce shi ba ya taɓa bango da damina. Ya tambaya ko zan iya zuwa gobe.

Na ce in gabas ta yi sarari zan zo. Ta yi, na je.